Amfilifayar da Na Gyara a Nima

Tunda na dawo daga Gana ban huta ba. In na buɗe shago a tare ni, in na zauna a majalisa a tare ni: "Habu, yaya Akra? Wai da gaske matansu ke riƙe da kasuwa? Ina tsarabarmu?" Har wanda rabona da shi tun ɗaurin auren ƙanensa sai da ya bugo waya yana tambaya ko na ga teku. Na ga teku. Ruwa ne mai yawa, shi ke nan. Kullum sai in ce lafiya lau in kawar da zancen, don in na buɗe baki a cikin mutane ban san abin da zai fito ba. To, yau na zauna zan rubuta shi sau ɗaya, duk mai tambaya in miƙa masa ya karanta. Ina gaya muku tun yanzu, da ɓacin rai nake rubutun nan, kuma cikin waɗanda nake fushi da su har da ni kaina.

Ga wanda bai san ni ba, sana'ata gyaran kayan sauti a Fagge: amfilifaya, makirufo, lasifikar masallaci da ta masu biki. Ba yawon buɗe ido ya kai ni Gana ba. Yaya Asabe, wadda muke uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta rene ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Ita ta yi min wanka, ita ta kai ni makarantar allo, ita ta zane ni in na gudu. Daga baya wani mai fataucin goro ya aure ta ya tafi da ita Akra. Ya rasu, ta zauna can a unguwar Nima da 'yarta Mariya, suna sayar da abinci. Rabona da ita shekara goma sha ɗaya.

Wata safiya Mariya ta bugo min. "Kawu, Maama ya faɗi. Hannu da ƙafa ba ya motsi." Hausarsu ta can ba ta raba mace da namiji, sai da na ɗan yi jim kafin na gane Yaya take nufi. Hawan jini ne ya kayar da ita, ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Na rufe shago, na haɗa kaya kala uku. Jakar aikina kuwa ban ma san na ɗauke ta ba, hannuna ya saba.

Doguwar mota na shiga zuwa Legas. Ba mu bar tasha ba wani fasto ya miƙe a tsakiyar mota ya hau addu'a da ihu, ya gama ya zaro maganin basir ya hau talla. Wani mai dogon gemu a bayana ya ce ba za a yi haka da shi ba, ya kunna wa'azi a wayarsa ya ƙure murya. Ni kuma, uban iya, na juya na nuna masa yadda zai jefa wayar cikin kofin ƙarfe sauti ya ƙaru. Ya ƙaru kuwa. Wata 'yar kasuwa Inyamura da ke gefena ta dafe kai, ta ce da gurguwar Hausarta, "Ku duka Allah kuna kira, ni kai na yana ciwo." Muka yi mata dariya, har da ni.

Daga Legas ƙaramar bas ce, iyaka uku kafin Gana. A ɗaya daga cikinsu wani jami'i ya zuge jakata. Ya ga wayoyi, ya ga mita, ya ga batura da ƙarfen narka dalma. Ya buɗe fasfo ya karanta, "Abubakar. Kano." Sai ya ja da baya ya kira 'yan'uwansa. Aka tsayar da ni a rana, aka zazzage kayana a ƙasa har da gajeren wando. Mutanen da muka kwana muna raba biredi da su kowa ya matsa nesa, kamar yanzu zan tashi da su. Wani Alhaji ɗan Nijar mai fataucin albasa, wanda ke jin Faransanci, shi ya cece ni. Ya hango wata matacciyar rediyo a kan teburinsu ya ce su ba ni, in na tashe ta to mai gyara ne. A tsugune a gefen titi na buɗe ta, waya ɗaya ce ta tsinke. Da ta kama magana suka tafa min, suka ce in wuce. Ko haƙuri ba wanda ya ba ni.

Wannan abu ya tsaya min a wuya. Na shiga Gana zuciyata a kumbure, ina ganin duk duniya ta haɗa kai a kan Musulmi, kuma duk wanda ya sassauta matsoraci ne. Ku riƙe wannan, don da shi na isa Nima.

Nima kamar an ɗauki Fagge ne an matse ta. A bakin babban titi ƙananan bas da suke kira turoturo suna ta ihun fasinja, ga masu albasa, ga masu hatsi, ga mahauta. Kana barin titi kuwa sai lunguna, wani in kana da ƙiba sai ka bi a karkace. Kowa Hausa yake yi, amma in ka tambayi asali ka ji wannan Badagombe, wannan Bazabarme, wancan Bamoshe. Gidan su Yaya ɗaki goma sha biyu ne kewaye da tsakar gida, famfo ɗaya, banɗaki ɗaya, har da wasu Kiristoci a ɗakin ƙarshe, kuma a igiya ɗaya kowa ke shanya. Ni da na taso inda ake tambayar addinin mutum kafin a ba shi haya, sai na yi ta kallon igiyar nan. A ɗakin ajiyar Mariya aka shimfiɗa min tabarma, tsakanin buhun shinkafa da na wake.

Abincinsu ma sai da ya ba ni kunya. Shinkafa da wake ce dai, amma ja, an dafa ta da karan dawa, sannan a jibga mata taliya da garin rogo da ƙwai da ganda da wani baƙin yaji mai ɗaga hula. Wannan na ci na ƙara. Dokunu ne muka yi faɗa da shi, wani tuwon masara naɗe a ɓawo. Na kai loma ɗaya na ji tsami, na ja Mariya gefe na raɗa mata ta zubar kada masu saye su ji, ya lalace. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Wai haka yake, tsamin ake saye.

Yaya kuwa na same ta a kwance a ɗan ɗakinta, ta rame, bakinta ya karkace. Matar da in ta daka min tsawa daga ƙofar gida ake ji a bakin titi. Na durƙusa na ce, "Yaya, ni ne." Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Ha...bu." Na kifa kai a gefen katifa na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba.

Mariya ta ce ai in gode wa Allah, kwana huɗu ke nan da bakin ya buɗe, yatsun hagu ma sun fara motsi. "Da ba ya barci koraa, ko kaɗan, Kawu. Dokta ya ce in bai samu barci da shiru ba, jinin zai sake hawa, kuma na biyu ba ya da kyau. Yanzu ne Allah ya kawo mana shiru."

Ta ja ni ƙofar gida ta nuna min. Masallaci ne a dama, masallaci a hagu, tsakaninsu bai fi taku arba'in ba, kowanne da hon biyu, wato manyan bakunan lasifika, a kan dogon ƙarfe, sun fuskanci juna kamar raguna. Rufin ɗakin Yaya na tsakiya daidai. Na dama shi ne tsohon, na Malam Isiyaku, dattijo ɗan ɗariƙa. Na hagu na Ustaz Nuhu ne, wanda a gaban Malam Isiyakun ya koyi alif da ba, ya tafi karatu waje ya dawo ya ce duk abin da aka koya masa bidi'a ne, ya ja rabin unguwa. Shekara uku ke nan, in wannan ya yi wa'azi bayan asuba wancan ya ba shi amsa da hantsi, in an gaji a sa kaset. Tun Yaya na da lafiya take kukan ciwon kai.

Na ce to me ya kashe bakinsu? Mariya ta ce watan hana ƙara ne. Mutanen Ga, masu asalin ƙasar Akra, duk shekara kafin bikinsu suna sa wata guda ba kiɗa, ba ganga, ba lasifika a waje, coci ko masallaci. Sun yi shuka, abin bautarsu ba ya son hayaniya. Malam Isiyaku yana bin dokar tun zamanin iyayensa, don ya ce mutanen Ga ne suka ba kakanninsa wurin zama. Shi kuwa Ustaz ba bi yake ba, amfilifayarsa ce ta ƙone ana saura kwana biyu a fara.

Wallahi ji na yi kamar an watsa min ruwan zafi. Duk maganar barcin Yaya ta bi iska, abu ɗaya kawai na ji: an kashe lasifikar masallaci saboda tsafi. Na ce, "Kiran salla? Saboda gunki? Kuma kuna zaune?"

Mariya ta ce, "Ba a hana kira ba, Kawu. Ana yi da baki. Kowa na ji, unguwan ƙarami ne."

Ban saurare ta ba. Washegari da safe na je teburin mai shayi a bakin lungu, wani Bazabarme mai suna Isufu, na hau tada jijiyar wuya. Na ce Musulmin Gana ba su da kishi, na ce da a garinmu ne da tuni an ga abin da ba a so, kamar wannan abin alfahari ne. Isufu ya tura min kofi ya ce, "Baƙo, sha shayinka tun da zafi." Ban gane ba. A ƙarshen benci akwai wani matashi fari mai tsaftataccen gemu yana murmushi. Shi ne Ustaz Nuhu.

"Masha Allah," ya ce. "Kun ji mutumin Kano. Can ne addini yake, mu nan suna kawai muke da shi. Malam, mene ne sana'a?"

Na faɗa masa. Idonsa ya yi haske. Daga wannan lokaci na tashi daga Habu na koma Injiniya. "Injiniya, Allah ne ya kawo ka, wallahi ba ciwon kowa ba. Duk masu gyaran Nima sun ƙi taɓa mana akwatinmu. Wannan ya ce babu kaya, wancan ya ce sai wata ya ƙare. Tsoron arna suke ji."

Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, na tuna da Yaya. Na ce masa akwai mara lafiya a gidan tsakiya. Ya dafa ƙirji ya ce kiran salla kawai, sau biyar, minti uku-uku, ko tari ba za a ƙara ba. Ni ma a gida ɓangaren su Ustaz na fi karkata, sai maganar ta shige ni ba wuya. Na ce a raina minti uku ba ya kashe kowa, kuma zan juya hon ɗin ya kalli titi.

Aikin bai ɗauke ni awa biyu ba. Taransisto biyu ne suka ƙone da fis. Na je kasuwa na samo, na liƙa, na canza wayar da ta ci tsatsa, na cire wani gurnani da suka ce shekara biyu yana damunsu. Na hau ƙarfe da kaina na juya hon. Har shawara na ba su, ba wanda ya tambaye ni, cewa su sa akwatin a kejin ƙarfe da kwaɗo kada maƙiya su taɓa. Da ladan ya ɗaga murya da azahar, sauti ya fita tar har bakin titi. Na tsaya a ƙofar masallaci ina ji kamar ni na buɗe Akra.

Bayan la'asar ina zaune kusa da Yaya ina ba ta koko a cokali, sai na ji an hura makirufo. Ustaz ne. Na zaci ko sanarwa ce. Ya yi sallama, ya ja aya, sannan ya shiga. Na jira in ji ya ambaci masu tsafi da dokarsu. Ko sau ɗaya bai ambace su ba. Malam Isiyaku ya hau, bai kama suna ba amma ko jariri ya san da wa ake: tsofaffin da suka fi tsoron gunki a kan Allah, masu shimfiɗa farin ƙyalle, masu cin sadakar matattu, wanda ya yi salla a bayansu ya sake. Kuma sautin a tsakiyar ɗakin yake faɗowa, har kwanon rufi na rawa. Na leƙa waje. An riga an juya hon ɗin ya koma inda yake.

Yaya ta kawar da kai daga cokalin. Ta ɗaga hannunta mai lafiya ta toshe kunne ɗaya. Ɗaya kunnen ba hannun da zai toshe shi.

Malam Isiyaku ya daure kwana ɗaya. A na biyu almajiransa manya suka ce ba za a kafirta su a gaban matansu su yi shiru ba, doka ko ba doka, suka kunna tasu. Daga nan unguwa ta koma yadda Mariya ta ba ni labari, har ta fi, don yanzu kowa na da sabon haushi. Wannan ya gama wancan ya ɗauka, wani lokaci su haɗu a tare ba ka jin ko kalma ɗaya sai ruri. Mun toshe taga da bargo, mun cusa mata auduga, duk a banza. Barci ya ƙaurace mata. Sunana da take kira ya ɓace, yatsun suka daina motsi, sai hawaye ta gefen ido.

Mariya ta same ni a ɗakin ajiya, ta tsaya a bakin ƙofa. "Kawu, an ce wani baƙo ne ya gyara. Kai ne?"

Na ce ni ne, na fara bayanin alkawarin da aka yi min. Ba ta tsaya ji ba, ta juya ta koma wajen tukunyarta. Isufu mai shayi ne ya ƙarasa ni. Ya ce, "Kana tsammanin masu gyaran Nima ba su iya aiki ba ne? Kowa ya san akwatin nan. Shekara uku unguwa na roƙon Allah ya ƙone shi. Da ya ƙone, masu gyara suka haɗa baki, kowa ya kawo uzuri. Ba arna suke tsoro ba, iyayensu ne ke kwana a lungun nan."

Na tafi wajen Ustaz. Na tuna masa alkawari. Ya ce ai shi kiran salla ya yi niyya, amma gaskiya in ta zo ba a ɓoye ta. Na ce yayata na mutuwa. Ya ce, "Subhanallah, Injiniya, kai da bakinka? A kashe da'awa saboda mutum ɗaya? Ai jin Ƙur'ani waraka ne." Na ce to bari in duba akwatin, na ji yana ɗan shaƙewa. Nufina in zare masa abu ɗaya ya mutu har abada. Ya yi murmushi ya nuna min kejin ƙarfe, sabo fil, da ƙaton kwaɗo. Ya ce sun bi shawarata.

Na tsallaka wajen Malam Isiyaku, na cire takalmi na durƙusa. "Allah ya gafarta Malam, ku ne manya. Asabe maƙwabciyarku ce shekara talatin."

Ya ce ya san Asabe, shi ya yi wa mijinta salla, shi ya raɗa wa Mariya suna. Ya ce, "Ɗana, ni na yi shiru, kai ka zo ka buɗe. Yaron nan a cinyata ya koyi Fatiha, yau yana ce min mushiriki a kan ƙarfe. In ya fara kashe tasa, kafin ya sauke hannu na kashe tawa." Na koma na gaya wa Ustaz, ya ce ƙarya ba ta sa wa gaskiya sharaɗi. Haka na yi ta zirga-zirga a taku arba'in ɗin nan kamar mai talla.

Kun san abin da roƙona ya haifar? Ranar Alhamis Ustaz ya tsaya a tsakiyar wa'azi ya ce a yi wa 'yar'uwar Injiniya addu'a, Hajiya Asabe, tana kwance. Ya yi ta jero addu'a a lasifika, jama'a na amin. Su Malam Isiyaku suka ji, suka ce ai su suka fi kusa da ita, suka tara mutane suka ja mata salati na awa guda, su ma a lasifika. Sunanta na tashi ta dama yana tashi ta hagu, ita kuma tana tsakiya tana karkarwa. A rayuwata ban taɓa jin addu'ar da ta sa ni son in shaƙe mai yin ta ba sai ranar.

Ku ce me ya hana mu ɗauke ta. Mun nema. Asibiti sun ce ba gado sai abin ya yi tsanani. Wata ƙawar Mariya a unguwar Mamobi ta ce mu kawo ta ranar Asabar in mai hayar ɗakinta ya kwashe kaya. Asabar muke jira.

Su kuwa mutanen Ga da na ɗaura wa yaƙi, har na baro garin ban ga ko ɗaya ya shigo lungun ba. Ba na ce waliyyai ba ne, Mariya ta ce a wasu unguwanni samarinsu na shiga coci su ƙwace ganguna har a ba hamata iska. Amma mu ba su zo ba. Ba su da bukatar zuwa, mun ishi kanmu.

Ranar Juma'a bayan la'asar su Malam Isiyaku suka zauna zikirinsu na mako, Ustaz ya buɗe wa'azi a kai. Wani daga cikin samarin tsohon masallaci ya hau ƙarfen su Ustaz da almakashi zai yanke waya. Aka jefo shi da dutse. Kafin ka ce me lungu ya cika, benci na tashi, duwatsu na sauka a kan kwano kamar ƙanƙara, kuma makirufo biyun duk a buɗe, kowanne na kabbara. Mutanen da iyayensu suka yi sahu ɗaya, masu auren 'yan'uwan juna, suna fasa wa juna kai da sunan Allah ɗaya da Annabi ɗaya da alƙibla ɗaya.

Ina ɗaki na ga idon Yaya ya juye, numfashinta ya koma minshari. Mariya ta ƙwalla ƙara. Mota ba ta shiga lungun, ƙarshensa na baya kuma babbar kwata ce ta cika ta tumbatsa da ruwan saman da aka yi da safe. Hanya ɗaya ce, ta tsakiyarsu. Na goya ta, Mariya ta ɗaure mu da zane, Isufu ya ɗaga murfin tukunyarsa a gaba yana ihu, "Mara lafiya! Ku ba da hanya, mara lafiya!" Wa zai ji shi? Na yi aikin da ba a jin muryar mutum a lungun. Dutse ya same ni a goshi, jini ya rufe min ido ɗaya, wani ya bangaje mu muka zube a jikin bango, na tashi na ci gaba. Tafiyar da ba ta wuce minti biyar ba, ban san tsawon lokacin da ta ɗauke mu ba. A bakin titi muka samu tasi.

Wannan karon an samu gado. Jijiya ce ta fashe a kanta. Ba ta farfaɗo ba, ta cika da hantsin Asabar. Na tare likitan na tambaye shi ko ƙarar ce. Ya ce ba zai iya cewa ita ce ba, ba zai iya cewa ba ita ba ce. Kowa ya ce min kwana ne ya ƙare. Na yarda, ni Musulmi ne, ba wanda ke wuce ranarsa. Amma na san abin da hannuna ya yi, kuma kada wanda ya ƙara zuwa ya rarrashe ni da wannan maganar.

Muna shigowa lungu da gawa aka hura makirufo. Ustaz ne da kansa yake sanarwa, inna lillahi, Allah ya yi wa 'yar'uwar Injiniyanmu rasuwa. Na tsaya cak. Sauti ne mai tsabta, ba gurnani, ba shaƙewa, kowane harafi a wurinsa. Shekara ashirin ina aikin nan ban taɓa gyaran da ya yi kyau kamarsa ba. Kafin ya rufe baki na dama ma suka ɗauka.

A wajen salla duk suka zo, masu ɗaure da bandeji a ka da waɗanda suka fasa kan, suka tsaya kafaɗa da kafaɗa. Bayan an dawo daga maƙabarta dattawan zango, wato manyan unguwar, suka kira malaman biyu, da ɗan sanda a gefe saboda faɗan jiya. Aka ce a sauke hon duka huɗu. Ina tsaye aka sauke su, ko rabin awa ba a yi ba. Malam da Ustaz suka yi musabaha, masu waya suna ɗaukar hoto, ana cewa masha Allah, Musulmi ɗan'uwan Musulmi ne. Ashe abin yana saukuwa. Ashe da'awa ba ta mutuwa in an sauke shi. Kwana biyar ina durƙusa musu a kan mace mai rai suka ce ba zai yiwu ba, ɗan sanda ɗaya ya tsaya da hula ya yiwu. Allah ya isa tsakanina da su, kuma na san in an tashi wannan shari'ar ni ma a layinsu zan tsaya.

Na zauna har aka yi sadakar bakwai. A kwanakin nan Mariya ba ta gaya min baƙar magana ko ɗaya ba, kuma da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Ta kawo min abinci a kan lokaci, ta wanke min kaya, ta canza min bandejin goshi. Ranar tafiya ta rako ni har tasha, ta miƙo min ƙunshin shinkafa da wake da kwalbar baƙin yaji. Na ce mata in Allah ya yarda zan dawo addu'ar arba'in, kuma duk abin da take bukata ta bugo min, ni ne uwa ni ne uba yanzu.

Ta gyara mayafinta, tana kallon tayar motar. Ta ce, "Kawu, ka gaida gida. Arba'in ɗin, ba sai ka zo ba."